Na Saman Jeri

Ranar sadakar ukun Baba, bayan an watse an naɗe tabarmi, Kawu ya kira mu gefen zaure ya miƙo mana wayar marigayin a cikin leda. Ya ce, "Kafin a yi maganar gado sai an gama maganar bashi. An yi sanarwa a wajen jana'iza, amma ba kowa ne ya ji ba. Ku ne 'yan kwamfuta, sai ku duba mutanensa ku sanar da su."

Muka karɓa da hannu biyu muka ce, "To Kawu, in sha Allahu zuwa gobe an gama." A ranmu ko awa ɗaya ba mu ba aikin ba. Shekara tara ke nan muna cin abinci da rubuta manhajar waya, ga takardar digirinmu ta kimiyyar kwamfuta a rataye a falon Inna. Kwashe sunaye daga nan a kai can aiki ne da muke ba yaran da suka zo koyon sana'a. Sai da ya ci mana kwana huɗu.

Baba malamin Hausa ne. Ya yi shekara 35 yana koyarwa a sakandare, kuma bayan ya yi ritaya tsofaffin ɗalibansa suka ɗora masa riƙon kuɗin da suke tarawa don gyaran azuzuwan makarantarsu. Da yawansu ba sa ƙasar. Akwai na Ingila, akwai na Saudiyya, akwai na Yamai da Kumasi. Ta imel suke turo masa shaidar biyan kuɗi, shi kuma ya amsa musu da doguwar gaisuwa. Don haka su muka fara nufa, tunda dukiyarsu ce a hannunsa.

Buɗe wayar bai ba mu wahala ba, mu muka sa masa lambar sirrin ranar da muka sayo ta. Muka shiga manhajar imel, muka danna wajen rubuta sabuwar wasiƙa, muka buga harafin farko na sunan wani ɗalibinsa da muka sani. Shiru. Muka gwada wani. Babu ko suna ɗaya da ya fito, alhali jerin sunayen wayar cike yake maƙil.

Mun san dalili tun kafin mu duba. Daga Android 6.0, wadda ta fito a 2015, manhaja ba ta da ikon leƙa sunayen da ke cikin waya sai ta tambayi mai wayar ya amince. Kafin nan, a dunƙule ake ba da izini lokacin sauke manhaja, ko ka yarda da duka ko ka haƙura da ita. Muka shiga saiti, muka nemo manhajar, muka duba izininta. An hana.

Nan take ranar ta dawo mana. Baba yana zaune a kan buzunsa da tabarau a kan hanci, saƙon tambayar ya fito masa da Turanci, ya karanta a hankali kamar mai duba jarrabawa. Ya ce, "Wai in bar ta ta ga sunayen mutane? Da izinin wa? Lambobin nan ai ba nawa ba ne, ba ni aka yi." Muka yi dariya muka ce, "Baba, kowa fa danna 'na yarda' yake yi." Ya ce, "To ni ba kowa ba ne." Ya danna ƙi. Tun daga ranar da hannu yake buga adireshin kowa, harafi bayan harafi, daga wani ƙaramin littafi da har yau ba mu gano inda ya ajiye shi ba.

Mu masu wannan sana'a, neman izinin nan layi ɗaya ne muke rubutawa a cikin fayil. Mun rubuta shi ba adadi. Mun sha zama taro a ofis muna gardamar yadda za a tsara kalmomin tambayar don mutane su fi saurin yarda. Ko sau ɗaya ba mu tuna wani ya kawo zancen waɗanda sunayensu ke cikin jerin ba, su da ba a tambaya. Yanzu ga mu da yatsa a kan allon, mai ba da izinin yana makwancinsa. Mun daɗe a haka kafin mu ce a ranmu lalura ce, muka danna.

Sunaye suka fito, amma 'yan kaɗan. A nan aikin ya fara nuna mana ainihin girmansa.

Abin da mutum yake gani jeri ɗaya a wayarsa, a zahiri rumbu uku ne. Akwai na cikin sim, wanda yawanci ba ya ɗaukar fiye da suna 250, kowane suna da lamba ɗaya, kuma in sunan ya yi tsawo sai a datse masa wutsiya. Akwai na cikin ƙwaƙwalwar wayar kanta, wanda in wayar ta faɗa ruwa ya tafi ke nan. Sai na cikin asusun imel, wanda yake ajiye a intanet, ya bi mutum duk wayar da ya koma. Baba ya mallaki layi tun 2003, shekara biyu da shigowar wayar salula Najeriya, kuma duk wayar da ya canza sai ya kai wa masu gyara su juye masa. Sakamakon haka mutum ɗaya sai ka same shi sau uku: lambarsa a sim, tsohuwar lambarsa a ƙwaƙwalwar waya, adireshin imel ɗinsa kuma a wani wuri ƙarƙashin wani sunan daban. Dole a tattaro su wuri guda.

Muka fitar da komai cikin fayil ɗaya irin wanda ake kira vCard, mai ƙarewa da .vcf. Tsari ne tsoho, tun shekarun 1990 kamfanonin Apple da AT&T da IBM da Siemens suka haɗu suka fito da shi, don ya zama katin shaidar ɗan kasuwa na cikin kwamfuta. Muka yi kwafinsa muka ajiye gefe, ba don hangen nesa ba, sai don hannu ya saba. Sannan muka buɗe shi muna karantawa.

A tsarin vCard gida biyar aka yanka wa suna: sunan dangi, sunan yanka, sunan tsakiya, laƙabin gaba, laƙabin baya. Wanda ya yanka gidajen nan bai taɓa zama a zauren Bahaushe ba. Baba ba ya ajiye mutum da sunan dangi, da abin da ya haɗa su yake ajiye shi. Mai Goro. Direban Kaduna. Ƙanin Liman. Kafinta Bakin Kasuwa. Ɗan Maraɗi. Yaron Hajiya. Wayar kuwa ta bi ƙa'idarta, ta ɗauki kalmar ƙarshe ta mai da ita sunan dangi. Sai ga zuri'ar Goro, da zuri'ar Kasuwa, da wani bawan Allah da aka ce sunan yankansa Yaron. Inna tana ciki a matsayin Uwargida. Mu kuwa, da yake 'yan fari ne kuma bakinsa bai taɓa kama sunanmu ba, ko a waya bai rubuta shi ba. Injiniya ya sa.

Sai kuma haruffa masu ƙugiya. Baba ya sha rage wa ɗalibi maki a kan rubuta "kasa" inda ake nufin "ƙasa". A tsohuwar ƙaramar wayarsa babu ƙugiya, sai ya riƙa rubuta D'an Marad'i. Da ya samu babbar waya mai allon rubutun Hausa sai ya kama gyara, yana yi yana hutawa, bai kai ƙarshe ba. Don haka akwai Dan Maradi, akwai D'an Marad'i, akwai Ɗan Maraɗi, duk mutum ɗaya.

Muka ce bari mu zuba su a jadawali a kwamfuta mu gan su a sarari. Muka juya fayil ɗin, muka buɗe, muka ɗan taɓa, muka adana. Da muka sake buɗewa sai muka riƙe baki. Ɗan Maraɗi ya koma ÆŠan MaraÉ—i. Dalilin sananne ne a wajenmu: a tsarin UTF-8 kowane harafi mai ƙugiya gurbi biyu yake ci, in kuwa aka karanta shi da tsohon tsarin haruffan Yammacin Turai sai kowane gurbi ya fito da nasa baƙon harafin. Ba mu zaɓi tsarin da ya dace ba lokacin buɗewa. Lambobin ma ba su tsira ba. Jadawali a matsayin lissafi yake ɗaukar lambar waya, kuma a lissafi sifilin farko ba shi da amfani, sai duk 0803 ta koma 803. Wannan mai sauƙi ne, ana iya mayar da sifili. Amma waɗanda suka fara da +234, masu lamba goma sha uku, sai aka taƙaita su zuwa 2.34803E+12, lambobi bakwai na ƙarshe suka bi iska. Mutum sama da ɗari suka koma lamba ɗaya. Garin neman gira mun kusa rasa ido. Kwafin nan da muka ajiye shi ya fitar da mu kunya.

Dare na biyu muka ce yanzu za mu yi aikin yadda masana suke yi. Muka rubuta 'yar gajeriyar manhaja. Ta daidaita lambobi, na Najeriya su fara da +234, na Nijar da +227, na Gana da +233. Ta haɗe duk sunayen da suke da lamba ɗaya. Sannan, da yake mun lura wasu sunayen suna ɗauke da lambobi a jikinsu, irin su "4500 Kafinta Bakin Kasuwa" da "Direban Kaduna 12000", muka ɗauka tarkacen juye-juyen masu gyara ne, muka ƙara layi biyu da za su share duk wata lamba daga cikin suna. Muka loda sabon fayil ɗin cikin asusun imel, muka kunna daidaitawa, muka jira. Da muka buga harafin farko, sunaye suka zubo. Kafin asuba mun aika wa ɗalibansa 58 wasiƙa, da bayanin abin da ya rage a asusunsu har kwabo. Muka kwanta muna jin kanmu.

Da hantsi muka shiga ɗakin Inna, inda take zaman takaba, muka nuna mata jerin ya yi tsaf daga A har Z. Inna ba ta karanta boko sosai, amma ta san lamba. Ta karɓi wayar, ta ja allon sama, ta ja ƙasa, ta sake ja sama.

Ta ce, "Ina na saman?"

Muka ce, "Waɗanne, Inna?"

Ta ce, "Masu lamba a gaba. Kai yaron nan, me ka yi musu?"

A nan ta faɗa mana abin da babu wanda ya sani sai ita. In Baba yana bin mutum kuɗi, sai ya rubuta adadin a bayan sunansa. In shi ake bi, sai ya rubuta a gaba. A wayarsa lamba tana riga harafi a jeri, don haka duk sunan da ya fara da lamba sama yake hawa. Duk lokacin da ya buɗe waya zai kira wani, da masu binsa bashi yake fara yin ido huɗu. In fansho ya shigo, sai ya zauna bayan isha'i ya kira mata su ɗaya bayan ɗaya, su yanke wanda za a fara biya. Wanda aka biya a goge lambar, ya sauka ya koma cikin jama'a. Waɗanda yake bi kuwa suna can warwatse a tsakiyar jeri, sai in ya ci karo da su.

Abin da Kawu ya aike mu nema ke nan tun farko, kuma shi muka share da hannunmu, da layi biyu, muna kiransa tarkace. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Muka koma kan kwafin farko jikinmu a sanyaye. Suna nan. Mutum bakwai ne a sama, jimillarsu naira 61,500. Na baya sun fi talatin, kuma da muka karanta wa Inna da Kawu, Inna ta ce ita dai ta yafe rabonta a ciki, domin shi ma bai taɓa tambayar kowa ba. Biyu daga cikin na bayan a sim kaɗai suke, an datse musu wutsiya, adadin ya tafi tare da ita. Su muka bari yadda muka same su.

Bakwai ɗin nan ba mu tura musu saƙo ba, da ƙafa muka je, mu da Kawu. Kafintan bakin kasuwa muka samu yana fere ƙafar benci. Da Kawu ya faɗi abin da ya kawo mu sai ya ajiye aikin ya ce shi bai san da wani bashi ba. Muka nuna masa allon. Ya daɗe yana kallon lambar da ke gaban sunansa, sannan ya ce cikon kuɗin wata ƙofa ce ta shekara biyu da suka wuce, kuma tun a lokacin ya ce wa Malam ya bar shi. Kawu ya ce, "Shi dai bai goge ba." Ya karɓa, ya juya mana baya yana share fuska da hularsa.

Ɗaliban sun amso wasiƙunmu, suka zaɓi wanda zai karɓi riƙon asusun, muka miƙa masa komai a rubuce. Da muka koma bakin aiki, a taron farko aka kawo zancen wata sabuwar manhaja da za ta nemi ganin sunayen cikin waya. Muka tambaya me za ta yi da su. Aka yi shiru, sannan wani ya ce wataƙila a buƙace su nan gaba. Mun yi gardama, ba mu yi nasara duka ba, amma an yarda ba za a tambaya ba sai mutum ya danna wajen gayyatar wani da kansa.

Wayar tana wajen Inna yanzu, ita take amsa masu kiran gaisuwa. Kafin mu ba ta, mun cire jerinmu mai tsafta daga asusun, muka mayar da na Baba yadda yake, da Dan Maradi da D'an Marad'i da Ɗan Maraɗi duka. Lambobi bakwai na gaba kaɗai muka goge, ɗaya bayan ɗaya, Inna tana kallo. Sannan muka shiga saiti, muka nemo manhajar imel, muka mayar da izinin inda ya bar shi.