Fadan da ya Bar New Bell ya Tafi Duwatsu

Duk Bahaushen da fatauci ya kai shi Duwala ya san New Bell. Can ne unguwar Hausawa take, da masallatanta da mahautanta da masu tsire. Jamusawa ne suka yanka wurin a 1914, sa'ad da suka tashi mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri. A shekarar ce kuma suka rataye sarki Rudolf Duala Manga Bell don ya ƙi yarda. Daga baya baƙi suka cika ta: Basa, Bamileke, Hausawa, kowa da harshensa.

A nan ne aka ba Fada Simon Mpeke kiwon ikkilisiyar Katolika a 1947. An haife shi a 1906 kusa da Edeya, yana kuma cikin 'yan ƙasar Kamaru na farko da aka naɗa Fada, a 1935. Ikkilisiyar ta bunƙasa a hannunsa, ana ganin girmansa ƙwarai. Amma zamanin ba na kwanciyar rai ba ne. A Afrilun 1955 bishop-bishop na ƙasar suka fitar da wasiƙa suna jan kunnen masu bi game da jam'iyyar UPC mai neman 'yancin kai, suna zarginta da kwaminisanci. Wata guda bayan haka tarzoma ta tashi a New Bell, aka zub da jini, a Yuli kuma Faransa ta haramta jam'iyyar. Mai karatu ya auna nauyin da ke kan makiyayi a irin wannan wuri: wanda ya zo sujada ran Lahadi, wataƙila ɗansa yana kurkuku.

A 1959, yana da shekara 53, lokacin da tsararsa ke neman inuwa su huta, sai ya bar duk wannan da izinin Bishop Thomas Mongo, ya nufi arewa, tafiyar fiye da kilomita dubu, zuwa duwatsun Mandara kusa da Mora. Mutanen wurin, su Mada da Zulgo da Muyang, ana yi musu laƙabi da Kirdi, wato arna. Hare-haren masu kamun bayi suna cikin abin da ya riƙe kakanninsu a kan duwatsu, raini kuwa bai ƙare ba ko da bauta ta ƙare. Bamaguje ba ya bukatar a fassara masa wannan.

Ya zauna a Tokombere, yana hawan duwatsu ba takalmi, har suka sa masa suna Baba Simon. Abin da ya tarar shi ne ya fi kama hankali. Mutanen da aka ce ba su san Allah ba, ashe sun san Mahalicci ɗaya, suna kiran sunansa. Bai farfasa tukwanen hadayarsu ba. Ya zauna da firistocinsu na gargajiya yana tambaya yana sauraro, sa'an nan ya ba su labarin Yesu Almasihu. Akwai masu cewa wannan sassauci ne. Sai dai Manzo Bulus ma da ya shiga Atina, daga bagaden mutanen ya soma wa'azinsa, bai soma da zagi ba.

Bai kuma ɗauki ilimin likita kishiyar addu'a ba. A Tokombere akwai likita ɗan Suwizalan, Giuseppe Maggi, wanda ya kafa asibiti. Fada ya buɗe makaranta, ya riƙa bin iyaye yana lallashi su ba da 'ya'yansu. Daga 1975 asibitin ya koma hannun Christian Aurenche, wanda shi Fada ne kuma likita, hannun da ya ba da Jibin Ubangiji da safe shi ne ke duba mara lafiya da rana. Wannan abin tunawa ne ga wanda ya bi ta unguwar Village, a mashigar Duwala ta hanyar Yawunde, inda sababbin majami'u suka yi yawa, lasifika na alkawarin waraka da arziki har tsakar dare. Da yawa cikin masu zuwa can bukata ce ta gaske ta kai su, ba kuwa abin dariya ba ce. Amma mai wa'azin da ya ce wa mai tarin fuka ya zubar da maganinsa don ya nuna bangaskiya, ran mutum yake wasa da shi.

A 1971 wani saurayin Fada, Jean-Marc Ela, ya je ya zauna tare da Baba Simon. Daga hirar manoman dawa ya fito da abin da ake kira tauhidin gindin itace, inda yunwa da haraji da rashin gona suka zama batun Littafi Mai Tsarki. Wannan ya sa shi takun saƙa da masu mulki. Bayan kisan Fada Engelbert Mveng a 1995 ya yi gudun hijira zuwa Kanada, can ya rasu a 2008.

Shi Baba Simon ciwo ya komar da shi kudu, ya rasu a Edeya ran 13 ga Agusta 1975. A 2023 Paparoma Francis ya amince da nagartar rayuwarsa, mataki ne a hanyar lasafta shi cikin tsarkaka.