Zaɓaɓɓu Nawa ne a Lordran?

A wasan Dark Souls, wanda kamfanin FromSoftware na Japan ya fitar a 2011, labari ya nuna cewa ni ne zaɓaɓɓen da zai kaɗa ƙararrawa biyu, ya raya wutar da ke gab da mutuwa. Amma ina cikin tafiya sai in ji amon ƙararrawar, alamar wani ɗan wasa ya kaɗa ta a tasa duniyar. To, mu nawa aka zaɓa?

Hanzarin da wasan ya bayar shi ne lokaci a ƙasar Lordran a cukurkuɗe yake. Masoyansa ba su tsaya nan ba. Wasu suka ce zancen zaɓen tarko ne da alloli suka ɗana wa kowa, domin wanda ya kai ƙarshe ya zama makamashin wutar. Wasu kuma suka ce zautattun nan masu gararamba ba hankali, 'yan wasa ne da suka karaya suka ajiye wasan. Fassara ta biyu ce ta fi kama ni. Tun da na ji ta, ba na sarar ɗayansu ban tuna abokina da ya sallama a fadamar Blighttown ba.