Ƙullutun wuya: in an fidda shi, a kai shi awo

Yau zancen ƙullutu za mu yi, irin wanda ke fito ma mutum a wuya, ƙeya, kunci ko fatar kai. Daga Maraɗi har Damagaram, kowanenmu ya san mai shi. Wani ya ce maƙoƙo ne, wani ya ce kaluluwa, wani kuma ya ce jifa.

Wasunsu kitse ne ya taru ƙarƙashin fata. Likitoci na ce mashi lipoma: yana da taushi, yana motsi in an taɓa, ba ya da illa. To amma akwai kansar kitse, liposarkoma, mai kama da shi a ido. Ba ta da yawa, kuma ta fi fitowa a cinya ko cikin ciki. A kai da wuya sai jefi-jefi, shi ya sa ake saurin ɗaukar ta kitse kawai.

Ga abin da za mu lura da shi: ƙullutun da ke ta girma, ko ya wuce santimita 5, ko yana can ciki da tauri, ko an cire ya dawo. In a maƙogwaro yake, murya kan dishe, haɗiya da numfashi su yi wuya.

Babban maganinta aikin likita ne, kuma aikin farko shi ne mai daraja. Ana ɗaukar hoton sikana, a ɗebi ɗan yanki a auna, sannan a fidda ƙarin duka tare da lafiyayyen naman da ke kewaye da shi. Wuya kuwa wuri ne matsattse, ga jijiyoyi ga hanyar iska. In wanzami ya tsaga, ko aka cire rabi aka bar saura, ciwon zai dawo, aiki na biyu ya fi wahala. Wani lokaci ana haɗawa da gashi da na'ura, wanda ake yi a cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai tun 2021.

Ana warkewa? Ya danganta da irinta. Mai tafiyar hawainiya da wuya ta bazu, in an cire ta sarai mutum kan yi shekaru lafiya lau, sai dai takan sake tsirowa a wurin. Mai zafin kuwa tana iya kaiwa huhu. Awo ne kaɗai ke rarrabe su.

Mun san daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600, ga kuɗin mota ga na masauki. Shi ya sa muke roƙo, duk wanda aka yi ma aiki ya tambayi likita: an aika naman awo? Yaushe sakamako zai fito? A karɓi takardar a adana, a riƙa komawa ranar da aka ba mu ko da babu ciwo.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.