Zazzaɓin Wata Tsohuwar Golf a Unguwar Rogo

A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, wani malamin firamare mai ritaya a Unguwar Rogo ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi da motarsa. Volkswagen Golf 3 ce, irin waɗanda aka fara ƙerawa a Jamus a 1991, suka tsufa a Turai, sannan suka biyo ta Kwatano zuwa ƙasar Hausa. Da kuɗin sallamarsa ya saye ta, yana jigilar fasinja zuwa Illela, kuma da ita ake cefane.

Ciwon motar mai wuyar sha'ani ne, domin ba kullum yake tashi ba. Sai ta bi ta Kware da Gwadabawa, ta isa bakin iyaka ta dawo, allurar zafi ba ta gusa daga tsakiya ba. Washegari kuma, a cunkoson bakin Babbar Kasuwa, sai allurar ta haye ja, tururi ya turnuƙe bonet. Idan aka kai ta gareji sai ta yi lamo.

Bakanike na farko ya cire tamostat ya jefar, kamar yadda aka saba a garejojinmu, wai ƙasar sanyi aka yi wa shi. Na biyu ya wanke lagireto, ya fitar da tsatsa da dasashin ruwan rijiya. Duk da haka ba ta sake zane ba. Na uku ya yanke hukunci cewa gasket ya ƙone, sai an sauke kan injin, ya kuma faɗi kuɗin da ya fi abin da motar ke kawowa a wata.

Wani dattijon bakanike da ke aiki ƙarƙashin dogon yaro ne ya fara da abin da sauran suka tsallake, wato tambaya. Bai ma ɗaga bonet ba tukuna.

“Malam, ina taka yin zahin nan? Cikin gari, ko bisa hanya?”

“Wallahi Baba, bisa hanya lahiya lau take. Sai na shigo gari.”

A nan rabin binciken ya ƙare. Mota idan tana gudu, iskar da take keta ita ce ke ratsa lagireto ta sanyaya ruwan, ko da fanka ba ta juya ba. Idan ta tsaya cikin cunkoso kuwa, ba ta da madogara sai fanka. Da lagireto ne ya toshe, da a kan hanya da lodi za ta fi tafasa, domin a nan injin ya fi wahala. Gasket ɗin ma bai bar shi a zato ba: ya zaro ma'aunin baƙin mai bai ga ya yi fari kamar an zuba madara ba, salansa ba ta fitar da farin hayaƙi, ruwan kuma ba ya kumfa. Ya duba robar murfin tankin ruwan, domin matsin da murfin ke riƙewa shi ke hana ruwa tafasa a digiri 100, ya kai shi wajen 120. Lafiyarta ƙalau.

Mai nazarin harshe zai so ya saurari irin wannan zama. Sunayen ƙarafan duk na aro ne da bakin Bahaushe ya lanƙwasa: lagireto, salansa, fulogi, kafireto. Amma da zarar an zo bayanin cuta, sai a koma harshen jinya: mota tana zazzaɓi, tana shan ruwa, tana tari, ta mutu, ta tashi. Tambayoyin dattijon ma ba su da maraba da na mai magani da ke son sanin ko zazzaɓin na yamma ne ko na dare. An yi rubutu da yawa kan kalmomin aron. Wannan tsarin tunanin da ke ƙarƙashinsu shi ne aka bari a baya.

Bayan azahar ya sa aka tayar da motar, aka bar ta tsaye a rana. Da ruwan ya ɗauki zafi, fanka ta kama, allura ta sauko. Malam ya ce ai ga shi nan, haka take yi wa kowa. Dattijon ya ce a ƙara haƙuri. A karo na biyu ma ta kama. A na uku allura ta ci gaba da hawa, fanka shiru. Sai ya sa sanda ya taɓa soket ɗin da ke jikin makunnin zafi na lagireto, nan take fanka ta ɗauka. Bakin wayar ya yi kore saboda tsatsa, ya kuma saki; wani lokaci ya haɗu, wani lokaci zafi ko gargadar hanya su raba shi.

Yaron garejin ya kawo shawarar a haɗa fankar kai tsaye, ta riƙa juyawa muddin injin na aiki. Dattijon ya ƙi, ya ce hakan zai gajiyar da ita kafin damina. Ya kankare tsatsar, ya sauya bakin wayar, ya kuma umarci Malam ya nemo tamostat a mayar, don kada injin ya daɗe bai ɗumama ba da safiyar hunturu, ya yi ta shan mai a banza.

Malam ya biya abin da bai kai kuɗin kujera biyu zuwa Illela ba. Duk da haka sai da ya yi mako guda yana ratsa bakin kasuwa da tsakar rana da gangan, idonsa a kan allura, galan ɗin ruwa a bayan kujera.