Mu Ma Mun Taɓa Sa Kaki

Ranar wata Laraba bayan la'asar muna zaune a ƙofar gida nan Partago muna duba littattafan 'yan aji shida, sai ga wani dattijo maƙwabcinmu tafe, ɗansa na biye da shi. Yaron ɗalibinmu ne na da, mu muka koya masa rabawa a lissafi, ita ma da kyar. Bayan an gaisa dattijon ya ce, "Malam, yaron nan naka ya ce shi sai soja. Uwarsa yau kwana uku ba ta ci abin kirki ba. Shi ne na ce mu zo gare ka, tunda kai ka taɓa sa kaki."

To, gaskiya ne mun taɓa sawa, amma bari mu faɗa wa mai karatu irin sawar da muka yi, kada a ɗauke mu wasu barade. A 2007 gwamnatin Boni Yayi ta kafa dokar aikin soja na bautar ƙasa, inda ake ɗibar samari da 'yan mata masu takardar makaranta, a ba su horo a bariki, sa'an nan a rarraba su makarantu da asibitoci su cika shekara guda. Abin ba sabo ba ne. Malamanmu na firamare sun sha ba mu labarin zamanin Kereku, lokacin da mai shaidar gama sakandare sai ya sa kaki ya kuma riƙe alli kafin ya wuce gaba. Mu dai muna cikin waɗanda aka kira, kuma ba kishin ƙasa ne ya fara kai mu ba, zaman banza ne ya ishe mu.

Ranar farko aka yi mana aski ƙwal, aka ba mu kaki da takalmi da kwanon cin abinci. Wanda takalminsa ya yi masa kaɗan sai ya nemi mai manyan da suka yi masa yawa su yi musaya. Tun kafin kiran assalatu ake busa usur, a fito gudu, a dawo a yi shara, sa'an nan a jeru a ɗaga tuta. Daga nan fareti har rana ta take. Da yamma a koya mana kwance bindiga da ɗaura ta, ko a zaunar da mu darasin dokokin ƙasa, inda rabinmu ke barci ido buɗe. Abinci kuwa yawanci shinkafa da wake ne. Mun yi ta dariya da muka ji 'yan kudu suna ce masa "wace", ba su san sunan daga bakin kakanninmu ya fito ba.

Faretin nan shi ya karya mana girman kai. Dukanmu masu takarda ne, har da waɗanda suka taɓa zama a jami'a, amma da an ba da umarni da Faransanci a juya hagu, sai ka ga mutum goma sun juya dama sun yi karo da 'yan'uwansu. Kofur ɗin da ke kula da mu bai yi rabin karatunmu ba. Bai iya dogon bayani ba, sai dai ya yi abu a gabanka sau ɗaya a hankali, ya sa ka yi, ya gyara maka ƙafa da hannunsa, ya sake sa ka yi, har jikinka ya riƙe abin ba tare da ka yi tunani ba. Bayan haka mun shiga makarantar horon malamai ta Jugu, mun karanta hanyoyin koyarwa iri iri da sunayen Turawan da suka ƙago su, amma har yau in muna koya wa 'yan aji ɗaya riƙon alƙalami, hanyar kofur ɗin nan muke bi. Wani halinsa kuma, ba ya sa hannu a kwano sai ya ƙidaya mu ya ga kowa ya samu.

Abu guda ne ba mu yarda da shi ba har gobe, wato in mutum ɗaya ya yi laifi a sa kowa tsallen kwaɗo. A bariki wataƙila yana da dalili, domin ana so kowa ya zama mai tsaron ɗan'uwansa. Mun taɓa gwada shi a aji sau ɗaya. Abin da ya haifar shi ne yara suka tare mai laifin a hanyar gida suka yi masa duka. Ba mu sake ba.

A ɗakin kwananmu akwai Bargawa da Dandawa da Fulani da 'yan Yom na wajenmu, ga kuma 'yan kudu daga Abome da Kwatano waɗanda wasunsu ba su taɓa wuce Faraku ba. Makon farko wani ya tambaye mu, "Kai Bahaushe, daga Nijar kake ko daga Nijeriya?" Tambayar ta yi mana zafi, ko da yake ba yau muka fara jin ta ba. Muka ce masa tun kafin Bafaranshe ya san hanyar nan ayarin fatake ke tasowa daga Kano, su bi ta Nikki da Jugu su nufi Gwanja sayen goro, kuma a zangon da suka sauka aka haifi kakanmu. Ya yi shiru. Wannan saurayin, Kirista ne, shi ya koma mai tashinmu da asuba kafin usur don mu samu mu yi salla, domin shi barcinsa ba nauyi.

Ranar da aka gama horo aka yi bikin gabatar da mu ga tuta. Aka jera mu a fili, 'yan badujala na kiɗa, aka fito da tutar mai kore da rawaya da ja, aka yi taken ƙasa, babban hafsa ya yi jawabi, muka wuce a gabansa ƙafa ɗaya kamar mutum guda. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya zo da babbar rigarsa ta Salla. Mutum ne da ya yi shekaru yana fatauci, wanda a kowane shinge sai an juya katinsa an sake juyawa saboda sunansa. Da muka je gaishe shi bayan an tashi, bai ce kome ba, sai shafa kafaɗar kakin yake yi. A bikin 'yancin kai na 1 ga Agusta 2008, wanda aka yi a Faraku, muna cikin 'yan kallo, amma ƙafafun masu maci kawai muke duba, muna cewa wancan ya makara, wancan ya yi daidai.

Duk wannan mun faɗa wa dattijon da ɗansa. Sa'an nan muka faɗa musu sauran, domin ɓoye shi cin amana ne. Mu ba mu taɓa harbin kome ba sai allo. A zamaninmu sojan Benin in ya ga yaƙi, to a aikin kiyaye zaman lafiya ne, a Kwaddibuwa ko Kwango. Tun ƙarshen 2021 abin ya shigo gida ta iyakar arewa, ta dajin Panjari da dajin W. A Janairun 2025 an kashe soja 28 a hari guda, a harin ranar 17 ga Afrilu kuma gwamnati da bakinta ta ce 54. Daga Jugu zuwa can ba wata tafiya ba ce. Muka ce wa yaron kakin da muka sa da wanda zai sa ɗinkinsu ɗaya ne, amma nauyinsu ba ɗaya ba.

Ya ce, "Malam, na sani. Amma in kowa ya ƙi zuwa, su za su zo." Uban ya dube mu, mu ma muka dube shi. Ba mu ce ya tafi ba, ba mu kuma ce ya zauna ba. Abin da muka iya ba shi shi ne abin da muka sani tabbas: ya riƙa haɗa safa biyu, ya shafa man kaɗe a ƙafa kafin doguwar tafiya, kada ya ranta wa kowa kwanonsa, kuma ya nemi aboki mai saurin farkawa.

An ɗauke shi, yana wajen horo a Bembereke. Uwar takan aiko ƙanensa da waya mu karanta mata saƙo in ya rubuto da Faransanci. Shekaranjiya dattijon ya sake zuwa, ya ce an sanar da ranar gabatar da su ga tuta, yana so mu raka shi domin shi bai san inda ake tsayawa ba. Mun riga mun nemi izinin kwana biyu wurin shugaban makaranta. Da zai tafi ya juyo ya tambaye mu ko a irin wannan wuri ana barin mutum da hularsa in an fara taken ƙasa.