Tekun Legas: Inda Ruwa Ya Yi Shiru, Nan Ne Abin Tsoro

Uwargida, idan dogon hutu ya kai ki Legas wajen 'yan'uwa a Agege ko Idi-Araba ko Obalende, ki sa a ranki yara ba za su bar ki ki sha ruwa ba sai an kai su sun ga teku. Kuma suna da gaskiya. Yaron da ya tashi a Kano, babban ruwan da ya taɓa gani bai wuce madatsar Tiga ba. Ranar da ya tsaya gaban ruwan da ba a hango ɗaya gaɓarsa, ga ƙugi kamar na hadari, ga iska mai gishiri tana lasar fuska, ba zai manta da ita ba har tsufansa. Ki kai su. Amma ki tafi da sanin cewa idon da kika saba auna rafi da gulbi da shi zai iya yaudarar ki a nan.

Wuraren shaƙatawa irin su Elegushi suna ta ɓangaren Lekki. Ana biyan kuɗin shiga a ƙofa, a ciki kuma ga rumfunan haya, ga masu dawakai suna zagayawa da yara, ga masu kwakwa, ga mai tsire wanda da wuya ki yi masa Hausa bai amsa ba. Idan kina da tsohon hoton iyayenki a Bar Beach, kada ki wahalar da direba wajen nemansa, domin babu shi. Tsakanin 1908 da 1912 Turawa suka gina dogayen shingayen duwatsu a bakin mashigar jiragen ruwa. Shingayen suka tare yashin da ruwa ke kawowa daga yamma, teku ya yi ta cin gaɓar Bar Beach har ya riƙa malalowa kan titin Ahmadu Bello. Daga baya aka cike wurin da yashi, aka kafa sabuwar unguwar Eko Atlantic a bayan katangar duwatsu. A watan Agustan 2012 kuma, teku ya tumbatsa a Kuramo, nan kusa, ya tafi da mutane fiye da goma. Wannan shi ne ruwan da za ki kai yara gabansa.

Watan da abin ya faru ba banza ba ne. Tekun Legas ya fi haukacewa daga Yuni zuwa Satumba, daidai lokacin da makarantu ke dogon hutu. Igiyoyin ba a Legas ake haifar su ba. Guguwar da ake yi can kudancin Tekun Atlantika, nisan dubban kilomita, ita ke turo su. Shi ya sa za ki ga sama tas, rana ta fito, ba alamar hadari, amma ruwa na ta tafarfasa. Duban sama ba zai gaya miki komai ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu ruwan ya fi kwanciya, ko da yake kwanciyar teku ba ta tafki ba ce.

Da kun isa, kafin kowa ya cire takalmi, ku zauna minti goma kuna kallo. Igiyoyi rukuni-rukuni suke zuwa: ƙanana su yi ta zuwa har ki saki jiki, sai manya uku ko huɗu su biyo a jere, su haura har inda kika ajiye jaka. Gaɓar kuma a gangare take, taku biyu zuwa uku ruwa ya tashi daga gwiwa zuwa ƙirji. Idan igiya ta fashe za ta koma, tana zare yashin da ke ƙarƙashin ƙafa, babba ma sai ya yi tangaɗi balle ɗan shekara huɗu. Masu ɗaukar hoto su ne suka fi shan kaye, don dole su juya wa ruwa baya.

Yanzu ga babban abin. Duk ruwan da igiyoyi suka turo bakin gaɓa sai ya koma, kuma ba ko'ina yake bi ba. Yakan haƙa wa kansa kwararo a cikin yashi, ya taru a nan ya kwarara cikin teku da gudu, kamar yadda ruwan sama ke taruwa a lungu ɗaya ya yi waje. A kan wannan kwararo igiya ba ta fashewa. Hagu farin kumfa, dama farin kumfa, tsakiya kuwa ruwa ya yi luf, ya ɗan fi duhu. Kowace uwa da ta zo daga Arewa, nan idonta zai faɗa, ta ce wa yara, "Ku koma can inda ba igiya." Lumbu-lumbu ke nan, wutar ƙaiƙayi. Ki duba da kyau: idan kika ga kumfa ko leda ko ɗan kara yana tafiya cikin teku maimakon ya dawo gaɓa, to kwararon ne. Gudunsa kan kai mita biyu da rabi a daƙiƙa ɗaya, ya fi gudun gwanayen ninƙaya na gasar duniya. A Amurka, inda ake ƙididdige irin wannan, fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen da masu ceto ke tsamowa a bakin teku shi ne ya ja su.

Kwararon ba ya danna mutum ƙasa, waje yake ja. Abin da ke kisa shi ne firgici da gajiya, mutum na ta kokawar komawa ta inda ya fito har ƙarfinsa ya ƙare. Ki gaya wa manyan yaranki tun a mota, musamman samarin nan da suka iya iyo a kududdufi suke ganin sun gama: wanda ruwa ya ja, ya kwanta rigingine ya bar ruwa ya ɗauke shi, ya ɗaga hannu ɗaya. Idan yana da ƙarfi, ya yi iyo gefe, ta inda igiyoyi ke fashewa, domin faɗin kwararon yawanci bai wuce mita 25 ba, igiyar kuma za ta taimaka ta turo shi gaɓa.

Ke kuma, na san zuciyar uwa, amma kada ki faɗa. Hijabi har ƙasa da zani da abaya, idan suka jiƙe sukan naɗe ƙafafu, a wayi gari ana neman mutum biyu maimakon ɗaya. Ki yi ihu, ki nuna da hannu kada idonki ya bar kansa, a jefa masa duk abin da ke yawo a kan ruwa: jarka, ƙwallo, murfin kula. Lambar gaggawa a Legas 112 ce ko 767. Tun a ƙofa ma ki tambaya ko akwai masu ceto kuma ina suke zama, sannan ku yi shimfiɗa kusa da su. Jar tuta na nufin ba shiga, ko da kin biya kuɗin mota daga Agege.

Nutsewa ba ta da hayaniya irin ta fim. Yaron da ruwa ke ci ba ya iya kiran "Umma", bakinsa na neman numfashi ne, kuma cikin ƙasa da minti ɗaya ya ɓace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan 300,000 ne suka nutse a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Abin da na fi tsoro shi ne fita ta gayya, ga goggo, ga inna, ga yaya, kowa na zaton wani na kallo. Ku raba aikin da baki: "Yaya Hajara, ke ce da su yanzu, in an jima ni." Wadda ke kan aiki, wayarta na cikin jaka, har da wannan da kike karanta ni a kai. Ƙarami kuwa kada ya wuce inda hannunki zai kai.

Akwai kuma abin da ke jiran yara a kan yashi, ko ba su shiga ruwa ba. Ana ce masa jelifish. Ba kifi ba ne: ba ƙashi, ba zuciya, ba ƙwaƙwalwa, kashi 95 cikin 100 na jikinsa ruwa ne. A ruwa kamar farar leda yake, a kan yashi kamar an zubar da kamu ya daskare. A ƙarƙashinsa akwai zare-zare ɗauke da dubban ƙananan ƙayoyi masu dafi, da an taɓa sai su harba. Ba shi da ƙarfin yin gaba da ruwa, saboda haka ranar da teku ya haukace, iska na busowa gaɓa, ranar ce ake tsintar su birjik. Igiya kan tsinke zaren ya yi ta yawo shi kaɗai ba a ganinsa, kuma yana harbi. Yaro na iya fitowa yana ihu ki duba ki rasa abin da ya taɓa shi.

Wanda ya fi yaudarar yara shi ne wani ɗan'uwansa mai kama da balan-balan shuɗi, da ɗan shunayya a baki, kyakkyawa kamar abin wasa. Iska ke tura shi a saman ruwa, zarensa kuwa kan kai mita 10, wani ma fiye. Ko ya mutu ya bushe a rana, dafin na nan. Ki nuna wa yara hotonsa a waya tun a gida, ki ce ko da tsinke kada su taɓa. Harbinsa zafi ne kamar na kunama, yana barin jan shatar bulala a fata.

Idan ya faru, fito da yaron daga ruwa tukuna. Ki wanke wurin da ruwan tekun, ba da ruwan leda ko na gora ba, domin ruwan daɗi na sa ƙayoyin da ba su fashe ba su fashe. Ki cire zaren da ya maƙale da matsefata ko gefen katin cirar kuɗi, ba da yatsu ba. Kada a murza, kada a goga yashi. Za ki ji masu ba da shawara sun taru, wani ya ce fitsari, wani ya ce manja, wani ya ce man zafi. Ki yi musu godiya ki wuce. Abin da ke kwantar da zafin shi ne ruwan ɗumi sosai, kamar digiri 45, wanda hannunki zai iya jurewa ba tare da ƙuna ba, a tsoma wurin minti 20 zuwa 30. A nan filas ɗin shayinki zai yi rana, sai dai ki sirka, ki gwada da gwiwar hannunki kamar za ki yi wa jariri wanka. Farasitamol na taimakawa. Amma idan numfashi ya fara wuya, ko fuska da leɓe sun kumbura, ko amai da jiri, ko harbin a ido ne ko baki, ko ya mamaye jikin ƙaramin yaro, asibiti kai tsaye, kada a tsaya neman ruwan zafi.

In da za ki bi ta tawa, mai ƙananan yara ta nufi Tarkwa Bay. Shingayen duwatsun nan da suka jawo wa Bar Beach asara, su ne suka yi wa wannan ɗan lungu katanga, igiyarsa ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ko a can ku tsaya cikin lungun, nesa da jikin duwatsun, kada a bi samari a tsallaka ɗaya gefen da ke fuskantar buɗaɗɗen teku. Mota ba ta zuwa, sai jirgin ruwa, ana hawa daga tashar Five Cowries da ke Falomo a Ikoyi, tafiyar kamar minti ashirin, za ku wuce ta gefen manyan jiragen dakon kaya da yara za su yi ta nunawa. Ku fita da safe, ku juyo da la'asar tun da sauran haske. Rigar kariya dole ce ga kowane fasinja, sai dai ta manya ba ta yi wa yaro, da ya faɗa ruwa za ta zame ta kansa. Ki tambayi mai jirgi ko yana da ta yara kafin ki miƙa kuɗi, ki ɗaure masa igiyoyin da kanki, sannan ki kama kafaɗun rigar ki ja sama. In ta haura kunnensa, a canzo wata.