Inshorar babur ɗin ƙanƙara: inda ake ragi da inda ba a taɓawa

'Yan uwa mazauna Kanada, musamman masu shirin sayen babur ɗin ƙanƙara kafin hunturu ya kankama, ina da magana a kan inshorarsa.

A lardin Ontariyo doka ba ta yarda ka hau shi a wajen filinka ba sai da inshora, kuma mafi ƙarancin diyyar da za ta ɗauke maka idan ka yi wa wani ɓarna dala 200,000 ne. Da yawa kan tsaya nan don kuɗin ya yi sauƙi. Ni dai a ganina, nan ne bai kamata a yi tsimi ba. Ka buge mutum ya nakasa, ko wanda ka goya ya faɗo ya karye a gadon baya, kotu na iya yanke diyyar da ta zarce wannan nesa ba kusa ba, ragowar kuma daga gidanka da albashinka za ta fito. Sannan haƙƙin ɗan Adam ne, wanda wataƙila ba zai sake iya neman abincin iyalinsa ba. Ɗaga inshorar zuwa dala miliyan 1 ko 2 yawanci ba ya ƙara kuɗi mai yawa. A Kebek kuwa, takardar izinin bin hanyoyin ƙungiyar masu babur ɗin ƙanƙara ta FCMQ tana zuwa da irin wannan inshora, sai dai ba ta biyan ɓarnar babur ɗinka.

Ragin gaskiya a jikin babur ɗin yake. Kamfanoni suna duba girman inji, don haka mai cc 600 ya fi mai cc 850 sauƙin inshora, kuma ga hanyoyin Ontariyo da aka ƙayyade gudunsu a kilomita 50 cikin awa, ƙaramin ya isa. Idan tsohon babur ne irin Ski-Doo da darajarsa ta faɗi, kana iya cire sashen gyaran karo. Idan sabo ne, ka yarda ka ɗauki kaso mafi girma daga aljihunka kafin kamfani ya cika sauran, in dai kana da shi a ajiye. Haɗa shi da inshorar gida da mota a kamfani ɗaya ma kan kawo rangwame.

Wasu kan soke inshora da zarar ƙanƙara ta narke. Abin da ake maido musu ba ya taka kara ya karya, domin kamfani ya riga ya lissafa yawancin kuɗin a kan watannin sanyi, ga shi ɓarawo da gobara ba sa jiran hunturu.

Idan kuma ka taɓa injin don ƙarin gudu, ka faɗa wa dillalinka tun yanzu. Ranar da aka yi haɗari aka gano ka ɓoye, kamfani na iya ƙin biya.